Yadda ake gajeren tattaki a karkara don sanin ƙasa da tarihinta

Ba doguwar tafiya ake buƙata ba. Kilomita uku ko huɗu a ƙafa sun isa su nuna maka abin da ka daɗe kana wucewa a mota ba ka taɓa lura da shi ba, muddin ka fita da tambaya a ranka, ka kuma yarda ka tafi a hankali. Hanya ba ta lanƙwasa haka kawai, tudu ba ya tashi a tsakiyar fili ba dalili, kuma ba a taɓa kafa gari ba sai da masu kafa shi suka duba ruwa, suka duba ƙasar noma, suka duba ta inda abokan gaba za su iya ɓullowa. Aikin mai irin wannan tattaki shi ne ya riƙa tsayawa yana tambayar kansa: me ya sa nan, ba can ba? Duk abin da zai biyo baya dabarun samo amsar wannan tambaya ne.

Da farko, wuri ƙarami da tambaya ɗaya

Zaɓi wurin da za ka kai cikin sauƙi, ka kuma iya komawa sau biyu sau uku. A ganina wannan ya fi shaharar wurin muhimmanci. Wuraren da suka yi suna an riga an rubuta labarinsu, an kafa allo, kai naka karantawa ne kawai. Bayan gari kuwa, ko gefen wani rafi da ba wanda ya damu da shi, nan ne idonka zai koyi aiki.

Sai ka ɗaura wa tafiyar tambaya guda. Ina mutanen wannan ƙauye suke ɗiban ruwa kafin zuwan famfo? Ta ina tsohuwar hanya ta bi kafin a shimfiɗa kwalta? Me ya sa gonakin wannan gefe ƙanana ne a cunkushe, na wancan gefe kuwa manya ne a miƙe? Wanda ya fita don ya ga komai yakan dawo da waya cike da hotuna, bai fahimci ko ɗaya ba.

In da hali, hanyar ta zama zagaye, ka fita ta nan ka dawo ta can. Kuma ta haɗa abu biyu: wuri mai tudu da za ka hango ƙasar daga sama, da wurin ruwa, ko da busasshiyar ƙorama ce.

Zama da taswira kafin fita

Rabin aikin a zaune ake yinsa, a daren da gobe za a fita. Idan ka samu taswirar takarda, duba sikelinta a gefe. Mai 1:25,000 ita ce ta mai tafiya a ƙafa, domin kowane santimita 4 a kanta kilomita 1 ne a ƙasa, kuma tana nuna ƙananan hanyoyi da iyakokin gonaki. Mai 1:50,000 santimita 2 ne kilomita 1. Ita ma tana yi, sai dai takan haɗiye ƙananan abubuwa. Siraran layukan nan masu lanƙwasa da suka cika taswirar su ne ke nuna tudu da kwari, kowane layi yana bin wuraren da tsayinsu ɗaya. Inda suka matsu da juna akwai gangare mai tsanani, inda suka yi nesa da juna ƙasa a shimfiɗe take. Inda suka yi tsini suka tsallaka rafi, tsinin yana nuna wajen da ruwan ya fito.

Idan babu ta takarda, waya ta isa. OpenStreetMap, wadda aka fara a 2004, jama'a ne ke zana ta da kansu, shi ya sa a wasu wuraren take da hanyoyin ƙafa da manyan taswirori ba su da su. Manhajoji irin su OsmAnd da Organic Maps da ita suke aiki, kuma za ka iya sauke taswirar yankin tun kana gida. Na'urar gano wuri ta cikin waya da taurarin ɗan'adam take magana, ba da layin kamfanin waya ba, saboda haka za ta nuna maka inda kake ko da babu sabis. A fili buɗaɗɗe kuskurenta kamar mita 5 ne, a ƙarƙashin itatuwa masu duhu ko cikin kwazazzabo yakan fi haka.

Daga nan sai hotunan sama. A Google Earth na kwamfuta akwai alamar agogo da ke mayar da kai hotunan shekarun baya na wuri ɗaya. Ka riƙa ja baya kana dawowa, kana kallon abin da ya ɓace da abin da ya bayyana. Mai son ya zurfafa zai iya neman hotunan Corona, taurarin leƙen asirin Amurka da suka ɗauki hotunan duniya daga 1960 zuwa 1972. An cire musu takunkumin sirri a 1995, kuma ana samunsu a shafin EarthExplorer. Darajarsu ita ce sun kama ƙasa kafin manyan tituna da madatsun ruwa da faɗaɗar birane su shafe abubuwa da yawa. Abin da kake nema a hoton sama shi ne duk siffar da ba ta dace da maƙwabtanta ba: da'ira a tsakiyar gonaki masu kusurwa huɗu, layin itatuwa da ya miƙe ba hanya a gefensa, tabon ƙasa mai duhu ko mai fari. Ka sa wa uku ko huɗu alama. Su ne wuraren tsayawarka.

Lissafin lokaci da neman izini

Masu hawan duwatsu suna da ƙa'ida da William Naismith, mutumin Sikotilan, ya fitar a 1892: awa 1 ga kowane kilomita 5, a ƙara awa 1 ga kowane mita 600 na hawa. Ke nan kowane mita 100 na hawa minti 10 ne. Zagaye mai kilomita 4 da hawan mita 60 zai ci minti 54 a wannan lissafi. To amma ƙa'idar ta mai tafiya ba tsayawa ce. Kai da za ka riƙa durƙusawa kana duba ƙasa, ka ninka ta biyu, ka ware awa biyu.

Lokacin fita yana da ruwa da tsaki a abin da za ka gani. Da sassafe ko da la'asar sakaliya, rana tana ƙasa ƙasa, inuwa takan yi tsawo, sai tudun da bai kai gwiwa ba ya fito fili, ramin da ya kusa cikewa ya nuna kansa. Da rana tsaka duk wannan ɓacewa yake yi. Haka ma lokacin shekara. Bayan an cire amfanin gona ciyawa ta kwanta, siffar ƙasa ta fi bayyana. Bayan an yi huɗa ruwa ya wanke kunyoyi, abin da ke cikin ƙasar ne ya fi bayyana.

Maganar shiga filin mutane kuwa, kowace ƙasa da dokarta. A Suwidin mutum yana da 'yancin ratsa daji da fili muddin bai yi ɓarna ba, bai kuma matsa kusa da gidan wani ba. Sikotilan ta sa irin wannan 'yanci a dokarta ta 2003. A Ingila akwai hanyoyin ƙafa na jama'a da suka ratsa gonakin mutane, an zana su a taswira, amma a gona ba a sauka daga kansu. A wurare da yawa kuwa babu rubutacciyar doka irin wannan, sai dai ka nemi mai wurin ko shugaban ƙauyen ka gaya masa abin da ya kawo ka. Kada ka ɗauki wannan a matsayin ɓata lokaci. Baƙon da aka gani yana zagaya gona yana rubuce-rubuce yana ɗaukar hoto, ba wanda ya san shi, dole a zarge shi, kuma masu zargin suna da gaskiya. Wanda ya yi sallama kuwa sau da yawa har ɗan rakiya ake haɗa shi da shi.

Kaya kaɗan ne. Rufaffen takalmi da ƙafarka ta saba da shi, dogon wando, abin kare kai daga rana, ruwa aƙalla rabin lita ga kowace awa, fiye da haka in ana zafi. Ƙaramin littafi da fensir, domin biro yakan ƙi rubutu in takarda ta jiƙe. Tef ɗin awo, sanda, waya cike da caji. Kafin ka fita ka gaya wa wani inda za ka da lokacin da za ka dawo. In ka samu abokin tafiya ya fi.

A hanya: fara daga sama

Nufi wurin tudun nan tukuna. Da ka hau, zauna minti goma ba tare da ka taɓa waya ba. Juya taswira har arewarta ta fuskanci arewa ta gaske, sannan ka nemo abu uku da kake gani da ido ka same su a takarda. Daga nan ka nemi ruwa. Ko ba ka hango shi ba, layin itatuwa masu kore a cikin kwari zai nuna maka inda yake bi.

Yanzu duba inda gidaje suke dangane da ruwan. Tsofaffin garuruwa ba kasafai suke zama a bakin kogi daidai ba, saboda ambaliya da sauro. Sukan hau matakin farko na tudu, kusa da ruwa yadda za a ɗebo, nesa da shi yadda ba zai ci su ba. Idan ka ga ƙauyuka sun jeru a gindin tsauni kusan a tsayi ɗaya, akwai yiwuwar idanun ruwa ne suka jera su. Ruwan sama yakan nutse cikin dutse mai shan ruwa har ya iske shimfiɗar laka ko dutsen da ba ya ratsuwa, sai ya bi gefe ya ɓuɓɓugo a wannan layi. Garin da ya bar ruwa a ƙasa ya koma ƙololuwar dutse kuwa, galibi tsoro ne ya kai shi. Sai ka tambaya: tsoron wa, kuma yaushe aka sauko?

Hanyoyi da iyakoki

Nan ne na fi son mai tattaki ya daɗe, domin akwai wata dabara mai sauƙi da ke nuna abin da ya riga wani zuwa. Tsaya inda hanya ta haɗu da iyakokin gonaki. Idan iyakokin sun zo sun tsaya a bakin hanyar, na dama ba su yi daidai da na hagu ba, hanyar ce ta riga su, an yanka gonakin ne ana bin ta. Idan kuwa iyaka ta zo ta wannan gefe, ta ci gaba a wancan gefe a kan layi ɗaya, hanyar ta ratsa ta a karkace ta bar 'yan gonaki masu kusurwa uku, to gonakin ne suka riga, hanyar daga baya ta zo ta yanka su. Layin dogo da sababbin tituna kusan kullum haka suke yi. Da wannan kaɗai za ka iya jera abubuwan da ke gabanka daga tsoho zuwa sabo, ko ba ka san shekarar ko ɗaya ba.

Tsohuwar hanya tana da alamominta. Takan nutse ƙasa da gonakin da ke gefenta, wani lokaci har ta fi tsayin mutum zurfi, domin ƙafafu da kofato sun daɗe suna sassauta ƙasar, ruwa yana kwashewa. Takan bi kan tudu ta guje wa fadama. Inda hanyoyi uku ko huɗu suka taru a bakin kogi, nan ne mashigi, ko da yanzu an gina gada a wani wuri an bar shi. Kuma idan hanya tana tafiya a miƙe sai ta yi kwana ta zagaye wurin da babu komai, ka tsaya. Da akwai wani abu a nan da: gida, rijiya, makabarta, tafki ko babbar bishiya. Abin ya tafi, hanyar ba ta daina kauce masa ba.

Idan ka ci karo da dogon tudu da rami a gefensa, bi shi ka ga ko zagaye yake yi. Ganuwar tsaro ramin yana waje, domin ƙasar da aka haƙo ita aka tara a ciki. Inda tudun ya yanke hanya ta shiga, wataƙila ƙofa ce. Auna tsawonsa da taku. Kafin ranar tafiya ka samu wuri mai mita 100 ka ƙirga sau nawa ƙafarka ta dama ke taɓa ƙasa. Yawancin manya sukan samu tsakanin 60 da 70. Riƙe wannan lamba, ita ce ma'auninka.

Itatuwa da amfanin gona

Itatuwa sukan daɗe bayan masu su sun tashi. Rukunin itatuwa masu 'ya'ya ko masu inuwa a tsakiyar daji, irin waɗanda mutane ke shukawa ko suke bari a kusa da gida, alama ce ta kufai. A ƙasashen da kuka ke fita, tarin kukoki a wuri ɗaya na cikin alamomin da masu binciken kufai suke bi. Don kimanta shekarun bishiya, auna kaurin gindinta, wato kewayensa da tef, a tsayin mita ɗaya da rabi daga ƙasa. Masanin itatuwa Alan Mitchell ya lura cewa a ƙasashe masu sanyi bishiyar da ta tashi a fili takan ƙara kamar santimita biyu da rabi na kauri a shekara, ke nan mai kaurin mita biyu da rabi ta kai shekara 100. Kimantawa ce kawai, kuma ba ta aiki a kan kuka, wadda ke kumbura da ruwa tana motsewa. Da gwajin kabon, wato gwajin kimiyya da ke nuna shekarun itace, aka gano cewa wata kuka a Zimbabuwe ta haura shekara 2,000.

Shuka ma tana tona asirin abin da ke ƙarƙashinta. A kan tsohon ramin da ya cike, ƙasa tana da zurfi tana riƙe danshi, sai amfanin gona ya fi tsayi, ya fi daɗewa da kore. A kan tushen ginin da ya binne kuwa saiwa ba ta samun wurin shiga, sai shukar ta tsumbure ta riga sauran bushewa. An fi ganin wannan a shekarar fari. A 2018, da fari ya kama Birtaniya da Ayilan, siffofin tsofaffin gine-gine da dama sun fito a gonaki, har aka gano wata babbar da'ira kusa da Newgrange, wani tsohon kabarin tarihi a Ayilan, da ƙaramin jirgi marar matuƙi. Kai da ke ƙasa, in ka hango layi ko da'ira mai launi daban a cikin gona daga kan tudu, ka zana ta nan take, domin bayan mako biyu mai yiwuwa ta ɓace.

Abin da ke ƙarƙashin ƙafarka

Yanzu sai a sunkuya. Wuraren dubawa su ne inda wani abu ya riga ya buɗe ƙasa: kunyar da aka huɗa, bakin ramin dabba, gindin bishiyar da iska ta tumɓuke, zaizayar ruwa a gefen hanya. Ƙasa mai duhu ko mai ruwan toka a tsakiyar ja ko fara takan zama tsohon juji, wato toka da shara na shekaru masu yawa.

Abin da aka fi samu shi ne tsingaro, fasasshiyar tukunya. Ɗaya ko biyu ba su cewa komai, domin taki ma yakan kawo su gona. Amma idan a taku goma ka ƙirga ashirin ko talatin, an zauna a nan. Ci gaba da tafiya kana ƙirgawa har inda suka ƙare, ka yi haka ta fuska huɗu, sai ga girman tsohon garin ya fito maka. Cikin tsingaron, na bakin tukunya ya fi amfani, domin lanƙwasarsa tana nuna faɗin tukunyar, kuma a nan ake yawan yin ado. Duba cikinsa: siraran layuka masu tafiya tare alamar an gina ta a kan faifai mai juyawa ne, in babu su da hannu aka ɗaga ta.

Akwai kuma kashin ƙarfe, abin da ke saura bayan an narka tama. Baƙi ne ko ruwan toka mai duhu, yana da nauyi, da 'yan ramuka a jikinsa, fuskarsa kamar kyandir da ya narke ya daskare. Kada ka rikita shi da marmara, wadda ja ce kuma tana marmashewa. Tarin kashin ƙarfe yana nufin an yi matoya a wurin, kuma yana jawo wasu tambayoyin: ina suka samo tama, ina dajin da suka sare don gawayi? Za ka iya cin karo da dutsen niƙa da tsakiyarsa ta lotsa, ko gogaggen gatarin dutse mai santsi, irin wanda mutane a Turai da Afirka da Asiya suka daɗe suna ɗauka aradu ce ta jefo shi, alhali hannun mutum ne ya wasa shi.

Gaɓar rafi tana da nata darasin. A wajen kwana, ruwa yana cin gaɓar waje yana zubar da yashi a ta ciki, shi ya sa gaɓar waje take tsaye a yanke, shimfiɗun ƙasa suna bayyane a jikinta. Ƙa'idar da masanin duwatsu Nicolas Steno ya rubuta a 1669 ita ce har yau ake bi: in ba a dagula ƙasa ba, na ƙasa ya riga na sama. Layin gawayi ko tsingaro a zurfin mita ɗaya ya girmi duk abin da ke samansa. Ka duba daga gefe, kada ka tsaya a ƙarƙashin gaɓar da ta rataya.

Idan ka tsinci wani abu

Ɗaga shi ka duba, ka ɗauki hotonsa gaba da baya tare da fensir ko tef a gefe don a san girmansa, ka rubuta lambobin wurin daga waya, sannan ka mayar da shi daidai inda ka same shi. Kada ka tafi da shi, kada kuma ka haƙa. Na san wannan yana da wuya a rai, amma darajar abin tana tare da wurin da yake kwance da abin da ke kusa da shi. Tsingaron da ya koma cikin aljihu ya zama ɓaraguzai kawai. Ban da haka, a ƙasashe da yawa doka ta hana tono ko sayar da kayan tarihi ba izini.

A 1992, a ƙauyen Hoxne na Ingila, wani mutum yana neman gudumar abokinsa da ta ɓata a gona da na'urar gano ƙarfe, sai ya faɗa kan tsabar zinariya da azurfa na zamanin Rumawa. Ya tsaya da tono ya sanar da hukuma, washegari masana suka zo suka kwashe a tsanake. Kuɗin sun kusa 15,000, kuma saboda an same su a yadda aka binne su, har aka gane cewa cikin akwatin katako aka jera su. In ka ga abin da ya fi ƙarfin saninka, gidan adana kayan tarihi ko sashen tarihi na jami'a mafi kusa su ne wurin kai labari. Kada ka sa lambobin wurin a intanet, masu tonon sata suna karantawa. Kabari kuwa, ko na waɗanne mutane ne, ba a taka shi, ba a taɓa duwatsunsa.

Masu wurin

Duk abin da idonka ya gano zato ne har sai ka ji daga bakin waɗanda suka tashi a nan. Matambayi ba ya ɓata, amma tambayar ma sai an iya ta. In ka ce wa dattijo ya ba ka tarihin garin, zai ba ka wanda ake ba kowane baƙo. Tambaye shi ƙaramin abu: "Baba, yaya ake kiran wancan tudun?" "Wa ya haƙa wannan rijiya?" "Da kuna yara, ta ina ake bi a je kasuwa?" Sunayen gonaki da tafkuna da duwatsu da yawa ba su cikin kowace taswira, kuma sukan riƙe sunan wanda ya fara sheme wurin, ko sana'ar da aka yi a can, ko dabbar da ta ƙare tuntuni. Rubuta su yadda aka faɗe su.

Kada ka tsaya ga mutum ɗaya. Makiyayi ya san mashaya da burtali, tsohuwa ta san tsofaffin rijiyoyi da gidan da kowa ya fito, manomi ya san inda garma ke cin karo da dutse. Idan labarinsu ya saɓa, rubuta duka, kada ka gyara wa kowa. Don samun lokaci, kada ka nemi shekara. Tambaya ko abin ya faru kafin wata babbar ambaliya ko yunwa, kafin zuwan titi ko bayansa. In an ce kakan kakan mai magana ne ya yi abin, ƙirga shekara 25 zuwa 30 ga kowane tsatso. Nemi izini kafin ka naɗi murya ko ka ɗauki hoton mutum.

Abubuwan kiyayewa

Kada ka cusa hannu a rami ko ƙarƙashin dutse, juya shi da sanda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa saran maciji yana kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 a shekara. In ya faru, ba a tsaga wurin, ba a tsotsa, ba a ɗaure shi tamau. A cire zobe ko agogo, a hana gaɓar motsi, a nufi asibiti. Tsofaffin rijiyoyi sukan ɓuya cikin ciyawa a kufai, saboda haka sanda ta riga ƙafa. In hadari ya taso, ƙirga daƙiƙoƙi tsakanin walƙiya da tsawa: kowane 3 kilomita 1 ne. Ƙasa da 30 ka sauka daga tudu, ka nisanci bishiyar da ke tsaye ita kaɗai. Ka fita daga busasshiyar ƙorama ko da ba a ruwa a inda kake, domin ruwan da aka yi a can sama yana iya isowa ba sallama, kuma mai gudu da zurfinsa bai wuce santimita 15 ba yana kayar da babba. Don sanin sauran rana, miƙa hannu ka jera yatsu tsakanin rana da inda za ta faɗi, kowane yatsa kamar minti 15 ne.

Bayan an dawo

A daren nan, kafin abin ya dushe, zauna ka zana taswirarka da hannu: ruwa, tudu, hanyoyi, wuraren da ka tsaya, kowane da lamba, lambar kuma ta dace da hoto. Raba shafin rubutu gida uku, ka ware abin da ka gani da ido, da abin da aka gaya maka tare da wanda ya faɗa, da abin da kake zato. Haɗa ukun nan wuri ɗaya shi ne yake mayar da zato ya zama "tarihi" a bakin mutane bayan 'yan shekaru. A ƙasan shafin rubuta amsar da ka samu ga tambayar da ka fita da ita, ko da rabi ce, da sababbin tambayoyin da suka taso.

Sannan ka sa ranar komawa. Bi zagayen ta ɗaya gefen, a wani lokacin shekara, a wata sa'a ta yini: in ka je da safe bayan girbi, koma da yamma bayan ruwan farko. Tafi da kwafin taswirar da ka zana da hotuna biyu ko uku da ka wanke, ka kai wa dattijon da ya amsa maka tambayoyi, ka roƙe shi ya nuna maka inda ka sa suna ba daidai ba.